Yadda za ka zaga Eindhoven a yini guda ba ka yi asarar tafiyarka ba

Na raka baƙi da dama zuwa Eindhoven, a kudancin Holan, kuma kusan duk wanda ya dawo yana cewa "ai garin ba komai" kuskure iri ɗaya ya yi. Ya je neman tsohon gari mai magudanan ruwa irin Amsterdam. Eindhoven garin masana'antu ne, kuma bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe tsakiyarsa a 1942 da 1944. Abin kallonsa yana cikin tsofaffin masana'antun.

Da farko, kada ka je ranar Litinin. Yawancin gidajen tarihin a rufe suke ranar, sauran ranakun kuma ƙarfe 5 na yamma ake tashi. Daga Amsterdam jirgin ƙasa yana ɗaukar kamar awa ɗaya da minti 20, saboda haka ka yi sammako. Da katin banki za ka iya shiga jirgi, ka ɗora shi a kan na'ura lokacin shiga, ka sake ɗorawa lokacin fita. Fitar ce mutanenmu ke mantawa, a cire musu kuɗin da ya fi na tafiyar.

Kana sauka, ka nufi Gidan Tarihin Philips a titin Emmasingel, 'yan mintoci ne a ƙafa. Ni a wurina wannan doka ce, domin a nan na taɓa yin ɓata. Zuwana na farko na tsallake shi na wuce unguwar Strijp-S da kowa ke yabo, na tsaya tsakanin dogayen fararen gine-gine da bututun ƙarfe suna ratsawa ta sama, ban san me nake kallo ba. Sai da na dawo na shiga ɗan ginin bulon nan inda Gerard Philips da mahaifinsa Frederik suka kafa kamfanin ƙera ƙwan lantarki a 1891, sannan garin ya buɗe mini. A ciki za ka bi kamfanin daga ƙwan fitila zuwa rediyo, da talabijin, da na'urar hoton ƙashi, da kaset ɗin da suka fito da shi a 1963, da faifan CD da suka haɗa da Sony. Na daɗe tsaye gaban rediyoyin katako masu maɓallin murɗawa, irin wadda dattawanmu kan ajiye a zaure. Wanda ya tashi yana mayar da zaren kaset da biro ba zai wuce wannan sashe da sauri ba. Ka ba shi awa ɗaya da rabi, ka kuma karanta bayanin gidajen ma'aikata da ƙungiyar wasanninsu, wadda aka kafa a 1913, ita ce PSV ta yau.

Daga nan sai Gidan Tarihin DAF. E, DAF ɗin da ka sani, wadda ke jan tirela a hanyar Kano zuwa Legas, a wannan gari aka haife ta. Hub van Doorne ya buɗe ƙaramar maƙera a 1928, shi da ɗan'uwansa Wim suka raine ta, kuma har yanzu maƙerar tana nan cikin gidan tarihin. Mutane kan tsaya a manyan motocin da na tseren Dakar su fita. Kada ka yi haka: nemi ƙananan motocin shiga da kamfanin ya fara nunawa a 1958, masu giyar Variomatic da ke aiki da bel maimakon canjin giya. Direba ko bakanike zai so ya wuni a nan, amma awa ɗaya ta isa.

Maganar kuɗi: ka sayi tikiti ta intanet, ka kuma riƙe kati, domin wurare da yawa ba sa karɓar tsaba. Abincin tsakiyar gari da tsada. Titin Kruisstraat yana da shagunan Turkawa da sauran baƙi, inda ake samun na halal da sauƙi.

Yanzu ka tafi Strijp-S. A da "haramtaccen gari" ake ce masa, don sai ma'aikacin Philips ke shiga. Yau gidaje ne da shaguna da wuraren masu zane. Ka kula da jan layin da ke gefen titi, na masu keke ne, kuma ba sa tsayawa. Idan da sauran ƙarfi, ka ƙarasa Evoluon, ginin 1966 mai kama da faifai a kan ƙafafu, ko hoto ka ɗauka daga waje. Mai son zanen zamani ya musanya shi da Van Abbemuseum, wanda attajirin taba Henri van Abbe ya kafa a 1936. Filin PSV yana kan hanyarka ta komawa tasha.