Kurakuran da muke yi wajen shafa wa busasshen gashi mai

Da zarar hunturu ya kankama a Birnin Kebbi, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, kukan mata ɗaya ne a gidan kitso: "Ni kam gashina ya koma soso, alhali kullum cikin shafa mai nake." Ni ma na yi wannan kukan. Akwai shekarar da na ƙarar da kwalabe uku na man kwakwa, amma duk sanda na sa mataji sai guntayen gashi su zubo mini a kafaɗa kamar dusa. Ashe man bai da laifi, ni ce ban iya ba.

Uwar kurakuran ita ce lafta mai a kan gashin da ya bushe ƙayau. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Aikin mai shi ne ya tsare danshin kada iska ta kwashe, kamar faifai a bakin randa. To idan randar wayam take, me faifan zai tsare? Shi ya sa za ki ga kai yana sheƙi daga nesa, in kin taɓa kuma ki ji shi kamar tsintsiya. Gyaran ba shi da wuya. Ki raba gashin gida huɗu, ki yayyafa wa kowane ruwa har ya yi laushi, ba sai yana ɗiga ba, sannan ki murza mai a tafin hannu ki bi shi, ki fi ba bakin gashin muhimmanci domin shi ne tsoho, shi ya fi shan wahala. Ko da kitso a kanki, yayyafi kan bi layi ya shiga.

Sai ɗaukar kowane mai a matsayin abu ɗaya. Man kwakwa yana ratsa cikin silin gashi, don haka ya fi amfani kafin wanki: ki shafa, ki bar shi awa ɗaya ko ya kwana, sannan ki wanke. Amma yana daskarewa da sanyi, kuma wasu in sun bar shi a kai da hunturu sai gashin ya ƙara tauri. In haka yake miki, ki ajiye shi sai bazara. Man kaɗe kuwa a sama yake zama ya rufe, shi ne na bayan wanki. Man zaitun da man riɗi suna tsaka-tsaki. Man zurman yana da kauri da danƙo, in ba ki sirka shi da mai ruwa-ruwa ba, taje kan ma sai ya gagare ki. Man shanu da iyayenmu suka saba da shi yana laushi ƙwarai, sai dai in ya kwana biyu a kai cikin zafi, maƙwabciyarki a sahun biki za ta riga ki sani.

Yawan ma matsala ne. Muna da wani tunani wai in kai bai yi naso har wuya ba, ba a shafa ba. Ƙurar hunturu kuwa abin da take nema ke nan, ta manne ta zama dauɗa, gobe a ƙara wani man a kanta, har ruwa ya kasa ratsa gashin. Man kaɗe kamar girman ƙwayar gyaɗa ya ishi kowane kashi ɗaya cikin huɗun nan. Kuma a riƙa wanke kai duk mako ɗaya ko biyu, ba a bar shi wata guda don tausayin kuɗin kitso ba. Garin sabulun wankin tufafi da wasu ke zubawa don ya cire maiƙo yana kwashe har man da fatar kai ke fitarwa da kanta. Karkashi, wanda kakanninmu ke jiƙawa su wanke kai da yauƙinsa, ya fi shi sau dubu wajen warware gashi. In maiƙon ya yi yawa sai a fara da sabulu mai sauƙi.

Inda na fi jin takaici shi ne amosanin kai. Mace ta ga farin gari yana zuba, ta ce bushewa ce, ta ƙara man zaitun a fatar kai. Sau da yawa ƙwayar cutar da ke kawo amosani, maiƙo ne abincinta, kin ga an ba kura ajiyar nama. In ƙaiƙayi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki bar man a gashi kawai, ki nemi sabulun wanke kai na amosani a kemis. Yaron da makero ya ci wa kai kuma, mai ba zai warkar da shi ba, maganin sha ake ba shi a asibiti.

In za ki ɗumama mai, kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta. Ki sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, ki gwada a bayan hannu. Bin gashin da ya sha mai da matajin ƙarfe mai zafi kuwa suya ce, ba gyara ba.

Wajen saye ma ana yaudararmu. Itacen kaɗe yana da yawa a kudancin Kebbi, wajen Zuru da Yauri, kuma man da matan can ke yi da hannu yana da ɗan ƙamshin hayaƙi, yana narkewa tas in kin murza a tafi. Wanda ya yi ɗoyi ko kika ji tsakuwa-tsakuwa ta dauɗa a ciki, ki bar wa mai shi. Ki ajiye naki a rufe, nesa da rana. Sabon mai irin na darbejiya ko habbatus sauda kuma, ki fara ɗiga shi a bayan kunne ki jira kwana ɗaya.

Akwai kuma abin da mai ba zai taɓa yi ba. Bakin gashin da ya tsage ba ya haɗewa, almakashi ne maganinsa. Gashi na tsiro ne kamar santimita 1 a wata, mai yana rage karyewa ne har tsawon ya tsaya. Gaban goshin da matsattsen kitso ya cinye, sai kin iya buɗe baki kin ce wa mai kitso, "Yaya, sassauta hannu," ko da za ta ce kitson ba zai yi kyau ba. Zubar gashi wajen wata uku bayan haihuwa kan tsaya da kanta, amma in ta haɗu da jiri da kasala a je a duba jini.

Da dare, ɗankwalin atamfa yana tsotse man da kika shafa kafin asuba. Ki sa hula mai santsi a ƙarƙashinsa, kuma bayan wanka ki bar kan ya sha iska kafin ki zura hijabi.