Yadda za ka nemi fakilten likitanci bayan bak, ga ƴan Damagaram

Ƙanena, in dai likitanci kake so to aikin tun daga tarminal yake farawa, bak D ko C ake nema, kuma makinka na SVT da fizik-shimi da lissafi su ake fara dubawa saboda masu nema sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba.

Da sakamako ya fito kar ka zauna shan shayi a fada kana jiran sai an yi sanarwa. Haɗa dosiyenka tun da wuri, takardar haihuwa, nasiyonalite, relebe na bak, atestasiyo, hotuna, ka yi fotokopi da yawa ka kai a buga musu hatimi a meri. Nasiyonalite ɗin nan ita ke ɓata wa yara lokaci wallahi, a kotu ake yinta kuma lokacin kowa ya taso layi ba kaɗan ba, wani ma sai ranar ya gano sunan da ke takardar haihuwarsa ya sha bamban da na bak, harafi ɗaya tak amma sai ya hana shi barci. Duba wannan yau ɗin nan.

Jami'ar André Salifou nan Zinder tana da fakilten kiwon lafiya, haka Abdou Moumouni a Yamai da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, kar ka rataya a kan guda. Ka je sikolarite, ofishin rajistar ɗalibai na jami'a, da ƙafarka ka karanta abin da aka lika, ka bar jita-jitar WhatsApp. Maganar bursu kuma dosiyenta daban ne, ANAB, hukumar da ke kula da bursu, ake kai wa.