Yadda Za Ka Kalli Rawar Zamani a Legas

Ni ɗan Kano ne, amma shekarata goma sha ɗaya ke nan a Agege. Na taso ina bin 'yan koroso, har na taɓa ɗaura kacau-kacau a ƙafa. Shi ya sa duk baƙon da ya zo mini daga gida, in mai son wasa ne, sai na kai shi ya ga abin da matasan Legas ke yi da jikinsu.

Fara da Freedom Park da ke titin Broad, cikin tsibirin Legas. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, aka mayar da shi dandalin wasanni a 2010. Fili ne a buɗe, ana shan iska, ba mai takura wa baƙo. In idonka ya saba, nemi labarin cibiyar rawa ta QDance Center ta Qudus Onikeku, da ƙungiyar wasa ta Crown Troupe ta Segun Adefila da ke Bariga. Wasanninsu ba kullum ba ne, kuma yawanci a Instagram ake sa rana da wuri, sai ka riƙa leƙawa.

In an ce ƙarfe bakwai, ka bar Agege da zarar an idar da la'asar, don cunkoson gadar Third Mainland ba shi da tabbas. Ni nakan yi magariba a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, sannan in taka da ƙafa.

Abin da ya fi ba mutanenmu wuya shi ne kallon kansa. Mun saba kalangu ya yi magana, mawaƙi ya faɗi abin da ake ciki, mai rawa ya bi. A nan sau da yawa jikin ne kaɗai ke magana. Na taɓa zuwa da ƙanena, muka zauna a layin gaba. Wani saurayi ya fito da buhu a ka, ya yi kusan minti biyar yana tafiya a durƙushe, ba kiɗa ba waƙa, sai numfashinsa da ƙarar tafin ƙafarsa a kan katako. Ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, makaɗan ne ba su zo ba?" Na ce, "Dubi wuyansa." Jijiyoyi sun tashi, gumi na bin haƙarƙari. Da muka fito ya ce shi ɗan dakon kasuwar Mile 12 ya gani, har ƙirjinsa ya yi nauyi. To haka ake kallonta. Zauna kusa, bi ƙafa da kafaɗa, kar ka matsa wa kanka sai ka gane komai nan take.

Ba a liƙi a irin wannan wasa, kuma ba a shiga fili. Tikitinka shi ne gudummawarka, don haka kar ka nemi a shigar da kai kyauta. Kashe ƙarar waya. In an gama kar ka yi saurin tashi, wani lokaci masu rawar kan zauna a bakin dandali su amsa tambayoyi.

Mai son ganga da ƙaho ya nufi gidan kiɗa na New Afrika Shrine a Ikeja, inda Femi Kuti kan yi wasa ran Lahadi in yana gari, kuma a can ake Felabration, bikin tunawa da mahaifinsa Fela Kuti, duk watan Oktoba. Wurin dare ne, ba na kai yara. In da iyali nake, cibiyar al'adu ta Terra Kulture a Victoria Island muke zuwa. Ko ina ka zaɓa, shirya motar komawa tun kafin ka shiga, don danfo, wato ƙananan bas na haya, na ƙaranci in dare ya raba.