Yadda Ake Haɗa Zane-zane Daban-daban Su Zama Hoto Ɗaya a GIMP

Masu zane da yawa sun fi son zana kowane abu a takardarsa: bishiyar kuka da bukkoki a takarda ɗaya, 'yar tallan fura da nono a wata, akuya kuma a ta uku. Dabara ce mai kyau, domin idan hannun yarinyar bai fito ba, ita kaɗai za a sake. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kwamfuta har mai kallo ya ɗauka a zama ɗaya aka zana su. Zan yi bayani da manhajar GIMP saboda kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma tun 1996 take hannun jama'a. Mai Photoshop ko Krita zai tarar hanyar kusan ɗaya ce.

Tun kafin ka buɗe manhajar, ka bi layukan fensir da baƙar tawada, sannan ka yi sikanin takardun duka a ma'auni ɗaya, 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Idan da waya za ka ɗauka, ka fita waje cikin inuwa, ka kashe fitilar kyamara, ka riƙe wayar daidai saman takardar don kada zanen ya karkace.

Ka shiga File, ka danna New, ka buɗe farin shafi mai fiksel 2480 da 3508, girman takardar A4 ke nan a 300 dpi. Sai ka koma File ka zaɓi Open as Layers, ko ka danna Ctrl+Alt+O, ka ɗauko zane-zanen uku a tare. Kowanne zai zauna a fallensa, wato Layer, kamar an jera ledoji masu garai-garai wata kan wata. Na saman jeri shi ne a gaba. Ka sa wa kowane falle suna yanzu, kuka, yarinya, akuya, domin nan gaba kaɗan za su yi yawa.

Takardar da aka yi wa sikanin ba ta fita fara fat, takan yi toka-toka. Ka zaɓi falle, ka shiga Colors, ka danna Levels. Ka ja ɗan alamar dama zuwa hagu har takardar ta yi fari, ka ja na hagu zuwa dama har tawadar ta yi baƙi. A hankali dai, in ka matsa da yawa siraran layuka irin na gashin akuya za su ɓace.

Yanzu sai a kawar da farin takardar. Wasu kan mayar da Mode na fallen zuwa Multiply, farin ya daina bayyana. Ni na fi son a cire shi gaba ɗaya: Layer, Transparency, Add Alpha Channel, daga nan Colors, Color to Alpha. Layukan kaɗai za su saura, kuma hakan zai sauƙaƙa aikin da ke gaba.

Ka danna M ka ja kowane zane zuwa mazauninsa. Da yake layukan sirara ne, linzami yakan kuskure su ya kamo fallen ƙasa, don haka ka riƙe Shift yayin ja. Shift+S na rage girma ko ƙarawa. Ka tabbata 'yar sarƙar da ke tsakanin faɗi da tsawo a haɗe take, in ba haka ba yarinyar za ta kumbura ko ta tsuke. Ragewa ba ta da illa sosai, ƙarawa ce ke dusashe layi. Kuma abin da ke kusa da mai kallo, ƙafafunsa su fi sauka ƙasa a shafin.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ake gane wanda ya yi gaggawa. Da ka ɗora yarinyar a gaban kuka, za ka ga layukan gindin bishiyar sun ratsa zanenta da ƙwaryarta, domin cikinta wayam yake. Dole a yi mata jiki da zai tare abin da ke bayanta. Ka zaɓi fallenta, ka shiga Layer ka danna Layer to Image Size. Kada ka tsallake wannan, in ka tsallake, fari zai malale har gefen shafi. Sai ka danna U don ɗauko kayan zaɓi, ka taɓa fili a wajen jikinta. Ka riƙe Shift ka ƙara taɓa 'yan guraben da ke kewaye da layi, kamar tsakanin hannun da ta ɗaga ta dafa ƙwarya da wuyanta, domin ta nan ya kamata a hango kukar. Idan ka ga zaɓin ya kutsa cikin jikinta, akwai inda layi bai haɗe ba. Ka nemo wurin ka rufe shi da burushi, ka sake. Daga nan Ctrl+I zai juya zaɓin ya koma kanta. Ka shiga Select, ka danna Shrink, ka rage fiksel 1 ko 2 don kada farin ya leƙo bayan layi. Ka buɗe sabon falle mara launi a ƙarƙashin nata, ka cika zaɓin da fari, ka saki zaɓin da Ctrl+Shift+A. Sai ka haɗa fallen layin da na farin cikin rukuni guda, wato Layer Group, duk inda ka ja ta, jikinta ya bi ta. Haka za ka yi wa akuyar. Ranar da ka tashi sa launi ma, a kan wannan farin za ka shafa.

To, idan kana son akuyar ta leƙo daga bayan kuka amma tana gaban bukka fa, alhali kuka da bukka a falle ɗaya suke? Jeri ba zai raba wannan gardama ba. Hannu zai so ya kai ga magogi, ina roƙonka kada ka goge. Ka danna rukunin akuyar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Add Layer Mask, ka bar shi a fari. Duk inda ka shafa baƙi a kansa zai ɓuya, inda ka mayar da fari ya dawo. Ka rage Opacity na rukunin akuyar, wato ƙarfin bayyanarta, zuwa 50 don ka riƙa hango gefen gindin kukar, ka shafe bayan akuyar daidai kan layin, sannan ka mayar da shi 100. Harafin X na sauya baƙi da fari a hannunka. Gobe in ka ga ya fi kyau a ga ƙafafunta na baya, suna nan ba su je ko'ina ba.

Saura inuwa. Ka buɗe falle a Multiply ƙarƙashin yarinyar da akuyar, ka shafa ruwan toka mai laushi a gindin ƙafafunsu, duk ta gefe guda. Ba tare da ita ba, sai ka ga kamar a iska suke tsaye.

Ka adana da Ctrl+S, zai fita a XCF, nau'in fayil na GIMP, da duk fallayenka a rarrabe. Wannan shi ne naka na ajiya, kada ka yi masa Flatten Image. Wanda za ka nuna wa mutane kuwa, Ctrl+Shift+E, ka fitar da shi a PNG, domin JPEG ba ya riƙe wurin da babu launi. In mai buga takardu za ka tura wa ta WhatsApp, ka aika shi a matsayin Document, saboda aikawa a matsayin hoto na matse shi, layukan su fita da dishi-dishi.