Yadda Ake Zaɓen Bel Ɗin Tsere Don Tuƙi a Filin Gasar Motoci

Kafin ka ba da kuɗin bel ɗin tsere, fara duba motar da za ka ɗaura shi a ciki. Bel ɗin da mota ke zuwa da shi daga kamfani, mai maɗaura uku, an ƙera shi ne ya bar jiki ya ɗan sunkuya gaba ya tarar da jakar iska, kuma idan mota ta kife rufinta ya lotsa, direba na iya karkatawa gefe. Bel ɗin tsere kuwa kafe mutum yake yi a zaune ƙyam. Idan babu kejin ƙarfe ko baka ta ƙarfe a bayan kujera, rufi ya taɓo, kai da wuya ne za su tare shi. Saboda haka abubuwa huɗu tare suke tafiya: kujerar tsere mai ramukan madauri, kejin ƙarfe, bel ɗin, da abin tare wuya da ake haɗawa da hular kwano. Wanda ba zai iya haɗa su duka yanzu ba, gara ya ci gaba da bel ɗin kamfani har ya shirya.

Maganar wuya ba ta wasa ba ce. Idan an ɗaure ƙirji tamau aka yi karo, jiki zai tsaya, amma kai da nauyin hula za su ci gaba da tafiya. Wannan fizga na iya karya gindin ƙoƙon kai. Irin wannan karaya ce ta kashe direban tsere na Amurka Dale Earnhardt a gasar Daytona 500 a Fabrairun 2001, kuma kafin shekarar ta ƙare NASCAR, ƙungiyar da ke shirya gasar, ta wajabta abin tare wuya. Gasar Formula 1 ta wajabta HANS, wani abin tare wuya da ke zama a kan kafaɗu, a 2003.

Sai batun yawan maɗaura. Mai huɗu, wato biyu a kafaɗa biyu a ƙugu, shi ya fi araha, shi kuma ya fi jawo matsala. Lokacin karo madaurin kafaɗa na jan na ƙugu sama, ya zame daga kan ƙashi ya hau ciki, direba ya sulale ta ƙarƙashinsa. Hanji da hanta da ƙashin baya ne ke ɗaukar bugun. Kamfanin Schroth na da wani mai huɗu da ake kira ASM, wanda madaurin kafaɗa ɗaya ke ɗan saki don ƙirji ya juya ya hana wannan sulalewa. In ba irinsa ba, ka bar mai huɗu. Mai biyar na da madauri ɗaya da ke fitowa ta tsakanin cinyoyi ya riƙe maɓalli, wato makullin da duk madaurin ke haɗuwa a cikinsa, a ƙasa. Mai shida na da biyu, suna rarraba nauyi a kan cinyoyi, suna kuma kame ƙugu sosai ba tare da matse gaban mutum ba. Ga wanda zai saya yau, mai shida ne zaɓi. Sabon ma'aunin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ma daga shida ya fara.

Kowane bel na gaske na ɗauke da tambarin gwaji a ɗinke a jikin madauri. Na FIA na yanzu shi ne 8853-2016, wanda ya gaji 8853/98, kuma wa'adinsa shekara biyar ne bayan shekarar da aka ƙera shi. Za ka ga shekarar ƙarewar a rubuce. Na hukumar SFI ta Amurka, mai lamba 16.1 ko 16.5, shekara biyu kawai yake yi. Wannan bambanci na shafar aljihu: bel mai araha da za a canza duk shekara biyu yakan fi mai tsada cin kuɗi a ƙarshe. Ka karanta dokokin ƙungiyar da ke shirya tseren kafin ka saya, don ita ce za ta duba motarka ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba. Ka kuma duba kwanan wata a shago, kada a sayar maka da wanda ya cinye rabin wa'adinsa a kan kanta. Jabu sun cika kasuwannin intanet, har da tambarin ƙarya. FIA na wallafa jerin duk bel ɗin da ta amince da su, ana iya gwada lambar da ke jikin naka da wadda ke jerin. Na hannu kuwa a bar shi, domin madaurin da ya taɓa shan karo ya riga ya miƙe, kuma ido ba ya nuna hakan.

Faɗin madauri iri biyu ne, inci 2 da inci 3. Da an ɗauka mai faɗi ya fi, amma a ƙugu mai inci 2 ya fi zama daidai cikin lungun ƙashin kwatangwalo, ana kuma iya matse shi sosai. Mai inci 3 yakan hau gefen ƙashin ya naɗe. A kafaɗa, idan da HANS za ka yi tuƙi, mai inci 2 ya fi kwanciya a kansa ba ya zamewa. Sai dai wasu daga cikin siraran an yi su ne don a sa su da HANS kaɗai, kuma an rubuta hakan a jikinsu.

Maɓalli iri biyu ne: mai murɗawa, wanda kowane madauri ke shiga raminsa kuma murɗi ɗaya ke sakin duka, da mai sakata, wanda ya fi jure ƙura da laka amma yana cin lokaci wajen ɗaurawa. A titin kwalta mai murɗawa ya fi. Madaurin ƙugu kuma akwai wanda ake ja sama don a matse, akwai wanda ake ja ƙasa. Idan kai kaɗai kake ɗaure kanka cikin kujera mai zurfi, na ja sama ya fi sauƙi.

Wajen ɗaurawa a mota ne aka fi yin ɓarna, kuma bel mai tsada da aka ɗaura a karkace bai kai mai matsakaicin kuɗi da aka ɗaura daidai ba. Madaurin kafaɗa ya tashi daga kafaɗa ya nufi baya a miƙe, ko ya ɗan gangara ƙasa da bai wuce digiri 20 ba. Kada ya yi sama. Kada kuma a kai shi ƙasan mota a bayan kujera kamar yadda wasu ke yi don gudun sayen ƙarfen da ake gittawa a bayan kujera a ɗaure madauri a jikinsa: idan ya gangara da yawa, a lokacin karo ƙasa zai danna kafaɗu, ya matse ƙashin baya har ya karye. Ya bi ta ramin kujera ba tare da ya jingina da bakin ramin ba. Idan kafaɗarka ta fi ramin tsawo, kujerar ce ba taka ba. Tazara tsakanin kujera da ƙarfen da aka ɗaure madauri ta zama gajera iyakar iyawa, saboda dogon madauri ya fi miƙewa. Idan ta kai kusan rabin mita, a gitta su biyun don kada su zame daga kafaɗa.

Madaurin ƙugu ya sauka baya da kusurwa wajen digiri 60 daga shimfiɗar ƙasa, kusa da gefen kujera. Na tsakanin cinyoyi ya bi ta ramin da ke ƙasan kujera. Kada a zagayo da shi ta bakin gaba, don a nan ba abin da zai riƙe. Inda za a huda sabon rami a ƙasan mota, dole a sa farantin ƙarfe ta waje, mai kaurin aƙalla milimita 3 da faɗin aƙalla murabba'in santimita 40, in ba haka ba noti zai yaga falankin motar ya fito. Notin da aka saba amfani da shi shi ne 7/16 UNF, ko M12 mai ƙarfin 8.8. Idan madaurin mai ƙugiya ne, a sa ɗan fil ɗin da ke hana bakinta buɗewa. Idan kuma naɗa shi ake yi a jikin ƙarfe, a bi zanen kamfani wajen zura shi cikin ƙarfen saitinsa mai sanda uku, har da zagaye na ƙarshe da ke kulle shi, a bar jela ta kusan santimita 10. Wannan zagaye na ƙarshe ne aka fi mantawa, kuma ba tare da shi ba madauri na iya zarewa gaba ɗaya.

Ɗaurawa a jiki ma da tsarinta. Ka zauna ka tura ƙugu can baya, ka fara matse na ƙugu har maɓalli ya zauna ƙasa da cibiya, a kan ƙashi. Tsawon na tsakanin cinyoyi sau ɗaya ake saita shi, ta yadda zai riƙe maɓallin a wurin. Na kafaɗa ne na ƙarshe. Idan ka fara da su, za su ja maɓalli ya hau ciki. Ƙarafan saitin su tsaya a kan ƙirji, nesa da wuya. Da ka gama, ka tabbata hannunka na kai ga giya, maɓallin kashe wuta da na kashe gobara, don ba za ka iya sunkuyawa ba. Ka rufe ƙofa kafin ka matse, in ba haka ba sai ka nemi mai rufe maka. Bayan zagaye biyu ko uku jiki kan nitse cikin kujera, sai a ƙara ja. Ka kuma gwada fita da sauri, da hula da safar hannu, har hannu ya san inda maɓallin bel yake ko ido a rufe.

Rana na cinye zaren madauri, haka mai, ruwan batir da tartsatsin walda. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, ba bilic ba fetur. Kafin kowace fita a bi shi da hannu, musamman inda yake gogar ramin kujera da bakin ƙarafa. Zare da ya fara tsinkewa, wuri da ya yi tauri ko ya ƙoƙe, ƙarfe da ya lanƙwashe, maɓalli da ke cijewa, ko karo mai ƙarfi ko da sau ɗaya ne, kowannensu ya isa a cire bel ɗin, a yanka shi da almakashi kafin a jefar don kada wani ya tsinta ya ɗaura.