Lagireton Mai a Injin Rotari: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Mu masu haukar haɗa ƙaramin jirgin sama da hannu ba mu da yawa a wannan yanki, daga Garwa har Njamena ana iya ƙirga mu da yatsu. Amma duk yaron da ya samo injin Mazda 13B daga mushen mota ya kawo mini in duba, ɓarnar iri ɗaya ce, kuma kullum a wajen lagireton mai take, wato abin sanyaya baƙin mai. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Ku fara gane abu ɗaya. Injin rotari irin 13B, wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, ba shi da fistin. Rota biyu ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki, kowanne cc 654. Ruwa yana sanyaya bangon injin, amma bai isa ya kai ga rota ba. Baƙin mai ne ke bi ta cikin shaf, a fesa shi cikin rota, ya kwaso zafin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da za a zubar, mai ne ke ɗauke da shi. A mota kana taka wuta kana sassautawa. A jirgi kuwa injin zai zauna kan juyi 5,000 zuwa 6,000 a minti, awa guda babu hutu. Wanda ya ɗauki lagireton mai a matsayin ado, ya riga ya sayi wani injin bai sani ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai, ni na fara tafka shi. Na ga akwatin sanyi na esin mota, wannan na alminiyum da ke ɓoye bayan dashbod, ga arha ga rashin nauyi. Na kai aka yi masa waldar baki biyu, na ɗaura, ina ta yabon kaina. Sati uku yana aiki lafiya. Ran nan da sassafe cikin hunturu, mai ya yi kauri kamar zuma, na tayar, ban jira ya ɗumama ba na ba shi wuta. Sai ji na yi fus! Farfela ta kwashi mai ta watsa wa gilashi, ta watsa wa yarona da ke riƙe da abin kashe gobara, allurar matsin mai ta faɗi ƙasa. Kafin hannuna ya kai makunni, bayarin ya ci wuta. Allah Ya sa a ƙasa muke, an ɗaure wutsiyar jirgin a jikin darbejiya. Da a saman Binuwai ne, da wani ke ba ku labarin nan.

Dalilin a fili yake, ni ne ban tsaya na duba ba. A 13B, mai yana fita daga famfo ta murfin gaba, ya bi ta lagireto, sannan ya dawo bayan injin inda abin daidaita matsi yake. Wato lagireton ne ke shan bugun farko, kuma da mai mai sanyi matsin na iya haura bar 10 (bar ma'aunin matsi ne). Ga shi famfon bugawa yake kamar zuciya, yana kumbura siririn alminiyum yana sakewa har ya gaji ya tsage. Wasu za su ce sun yi amfani da shi shekaru ba abin da ya faru. Su suka sani. Ni dai yanzu ainihin lagireton motar Mazda RX-7 nake sawa, ko wanda aka ƙera musamman don mai, kuma sai na cika shi, na matsa shi da famfon hannu zuwa bar 15, na bar shi ya kwana. In da safe allura ta sauka ko kaɗan, bola.

Na biyu, iska. Haba samari! Ka rataye lagireto a cikin murfin injin kamar hoton bango, tazarar yatsa uku ta kowane gefe, sannan ka zo kana cewa ya yi ƙarami? Iska ba wawa ba ce, inda ta ga sauƙi nan take bi. Ta tarar da ƙananan ramuka a gabanta, ga ƙofa buɗe a gefe, me zai kai ta ramukan? Wani yaro ya canja lagireto sau biyu, kowanne ya fi na baya girma da nauyi, zafi bai sauka ba. Na sa ya kunna tocila a bakin shigar iska da daddare, muka leƙa ta baya, haske na fita ta ko'ina. Muka yi masa bututu da falle, bakinsa ƙarami yana buɗewa a hankali har ya rufe fuskar lagireton, muka toshe gefuna da roba mai jure zafi. Shi ke nan. Kuma ku tuna da mafita: iskar da ta shiga, in ba ta da ƙofar fita mai faɗi a wurin da iskar waje ke ja, tsayawa za ta yi cik.

Lissafin da Turawa ke yi da yanayinsu kada ku kwafa ido rufe. A watan Afrilu Garwa na wuce digiri 40 a inuwa, balle kan kwalta. Ni ƙa'idata, man da ke komawa injin kada ya kai digiri 100. Ya wuce haka, zoben robar da ke cikin rota ya fara ƙonewa, sai shuɗin hayaƙi. Saboda haka ma'aunin zafi a bututun dawowa nake ɗaura shi, bayan lagireto.

Sauran a gurguje. Faɗin tiyon mai kada ya gaza lamba 10, kuma ban yarda da tiyon ruwa da kilif na kasuwa ba. Kada ka ɗaure lagireto ƙam a jikin ƙarfe, sa masa roba, girgiza na tsaga kunnuwansa. Nisanta tiyo da salansa, don ta rotari ja take yi jawur, ka kuma sa masa rigar wuta. Bakin fitar mai daga lagireton ya kasance a sama, iskar da ta maƙale a ciki ta samu hanyar tserewa. Lagireton RX-7 yana da ɗan bawul a ciki da ke kewayar da mai kafin ya yi zafi, tsoma shi a ruwan zafi ka ga ko yana motsi.

Lagireton gwanjo kuma, tambayi abin da ya kashe injin da aka ciro shi. In bayarin ne ya narke, garin ƙarfen na nan kwance a lungunansa, wanki goma ba ya fitar da shi duka. Ni ba na saye ko kyauta ne. Ƙurar hunturu kuwa, in ta haɗu da ɗan naso na mai, laka take zama a tsakanin fikafikan. Duk Asabar nake hura nawa da iska ta baya, daga Disamba har ruwan farko.