Kurakuran da masu koyon filif-filof suka fi yi da yadda ake gyara su

Da'irar da aka gina da ƙofofin AND da OR zalla, ba tare da an mayar da abin da ya fita cikin mashiga ba, ba ta tuna komai, abin da ke mashigarta yanzu shi ke yanke abin da zai fita yanzu. Filif-filof kuwa, wato ƙaramar da'irar da ke ajiye 0 ko 1, yana riƙe abin da ya wuce, kuma yana da lokacin da yake saurare. Yawancin kurakuran masu koyo daga manta wannan lokacin suke tasowa.

Na farko shi ne ɗaukar lach da filif-filof a matsayin abu ɗaya. Lach shi ma 0 ko 1 yake ajiyewa, amma lach na D a buɗe yake muddin siginar izini tana kan 1, duk abin da ya canza a mashigarsa D zai wuce zuwa mafitarsa Q. Filif-filof irin 74HC74 kuwa ba ya duban D sai a daidai lokacin da agogo, wato siginar da ke bugawa a kai a kai, ke tashi daga 0 zuwa 1. Wanda ya sa lach inda ake buƙatar filif-filof zai ga bayanai suna tsallake matakai biyu ko uku a bugu guda. Haka filif-filof na JK mai bin tsayin sigina yake yi idan mashigansa J da K duka 1 ne: Q ya yi ta juyawa har bugun ya ƙare. Maganin shi ne amfani da mai aiki a gaɓar tashi ko saukar agogo.

A lach na SR kuma akwai haɗin da aka hana. Idan da ƙofofin NOR aka gina shi, kada S da R su zama 1 tare. Idan da NAND ne, 0 da 0 ne haramun. Mutane kan haddace ɗaya su ɗora wa ɗayan.

Kuskuren da ya fi cin rai, a ganina, shi ne haɗa maɓalli kai tsaye da ƙafar agogo. Ka danna sau ɗaya, maƙirgi ya tsallaka lamba uku ko biyar, sai ka fara zargin ayisin, wato ɗan guntun da da'irar ke ciki, alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙarafan cikin maɓalli ne ke karkarwa na 'yan milisakan kafin su zauna, filif-filof kuma yana da saurin da zai ƙirga kowace taɓawa. Sa rezista da kafasita su lafar da siginar, sannan ka bi da ita ta 74HC14 don gaɓarta ta fito da kaifi.

Sai batun canza D dab da bugun agogo. Kowane filif-filof yana buƙatar D ta tsaya cik na ɗan lokaci kafin bugun da kuma bayansa, 'yan nanosakan ne, kuma suna rubuce a takardar bayanan masana'anta. In aka saɓa, Q na iya maƙalewa tsakanin 0 da 1, kamar kwabon da ya faɗi a kan gefensa, ba wanda ya san ɓangaren da zai kwanta. Abin haushin shi ne ba kullum yake faruwa ba, shi ya sa gano shi ke da wuya. Duk siginar da ta fito daga waje, wadda ba ta bin agogonka, ka bi da ita ta filif-filof biyu a jere kafin sauran da'irar ta gan ta. Kada kuma ka tare agogo da ƙofar AND don tsayar da ƙirga, yi amfani da ƙafar izini.

Maƙirgin da kowane mataki ke buga agogon na gaba yana da nasa tarkon. Daga 7 zuwa 8 yakan ratsa ta 6 da 4 da 0 cikin ƙiftawar ido. Ido ba ya gani, amma ƙofar da ke jiran 0 za ta gani. Maƙirgi mai agogo ɗaya irin 74HC163 ya fi aminci.

Ragowar ƙanana ne amma suna ɓata yini guda. Kada ka bar mashigar ayisin CMOS a sake: ƙafafun sharewa da saitawa na 74HC74 da 0 suke aiki, don haka in ba ka amfani da su, ɗaure su a layin wuta, wato kan 1. Sa kafasita mai 100 nF kusa da ƙafar wutar kowane ayisi. Kuma kada ka ɗauka Q zai fara da 0 idan aka kunna wuta, sai ka tanadi da'irar da za ta share shi a farkon kunnawa.